Sunan Yaya Maje Ya Ƙi Goguwa

Assalamu alaikum Anti Delu. Don girman Allah ki agaza mini da shawara, domin ƙanena yana shirin raba shago da ni, kuma idan aka bi salsalar abin, wata 'yar manhaja ce a kwamfuta ta haɗa mu faɗa. Na san za ki yi dariya. Ni ma da wata ce ta kawo mini wannan labari da sai na dara, amma ni da abin ya sama ko abinci ba ya yi mini daɗi. Ki sakaya sunana, na 'yan'uwana kuwa na riga na canza su da kaina.

Mu uku ne a wurin Inna. Yaya Maje ne babba, sai ni, sai autanmu Usaid. Mahaifinmu Malam Musa, Allah ya jiƙansa, mai aikin riguna ne. A shekarar da sojoji suka miƙa mulki ya kama ɗan shago a Gyaɗi-Gyaɗi, ta wajen titin gidan zu, da keken aiki guda ɗaya, kuma da wannan keken ya ciyar da mu, ya sa mu a makaranta. Da ya rasu muka ƙi bari sana'ar ta bi shi. Muka koma injin aiki na kwamfuta, irin wanda za ka yi zanen a allo, ka ba shi fayil, shi kuma ya riƙa dasa zare da kansa. Ni ce mai zane, ina zaune a shagon Baba. Usaid yana da inji a Darmanawa, Yaya Maje kuma ya riƙe na Unguwa Uku kafin ya bar mu. Alhamdu lillahi ba ma rasa aiki: wuyan kaftani, babbar riga, huluna, har da ɗaliban asibitin koyarwa da suke kawo fararen rigunansu a rubuta musu suna a ƙirji, wasu ma su ce a ƙara Dakta a gaba tun ba su iya riƙe allura ba.

Anti, a wannan sana'a zane shi ne jari. Inji idan ya lalace sai a gyara ko a nemi wani, amma zanen da ka ɓata mako guda kana daidaita masa zare, idan ya ɓata to ya ɓata. Da farko filash, ɗan abin ajiyar fayil, muke aikawa ta hannun masu adaidaita sahu, yau ya isa, gobe a ce ya faɗi a hanya. Sai Yaya Maje, wanda ya ɗan taɓa karatun kwamfuta, ya saka mana wata manhaja. Kowace kwamfuta tana da nata rumbun, manhajar kuma ta haɗa rumbunan. Idan na gama zane a Gyaɗi-Gyaɗi, Usaid yana kunna data zai gan shi a Darmanawa. Tana kuma riƙe da jerin sunayen rumbunan, ta san wane zane ne yake wurin wa. Idan kwamfutarka ta cika, za ka iya ce mata ta sauke maka wasu fayiloli, ba za ta yarda ba sai ta leƙa ta tabbatar akwai su a wani rumbun.

To ga inda muka jawo wa kanmu. Akwai wurin da ake nuna wa manhajar cewa rumbu kaza amintacce ne. Wanda aka ba wannan matsayi ba a leƙa shi, idan jerin ya ce yana da abu, shi ke nan an yarda. Ranar da ake haɗa mana kwamfutocin a falon Inna a Tarauni, Yaya ya tambaya wane rumbu za a amince wa. Ni da Usaid muka kalli juna. Wa zai buɗe baki ya ce a riƙa bincikar babban wa? Inna tana kan darduma, ba ta ma san me ake nufi da rumbu ba, amma ta ce wannan ai ba abin tambaya ba ne, gida da babba. Aka amince wa na Yaya, namu aka bar su yadda suke. Har cikin raina na ji mun yi ladabi.

Daga baya siyasa ta ɗauke mana shi. Wani abokinsa na makaranta ya fito takara, Yaya ya fara da kawo mana aikin huluna, sai ya zama ba a ganinsa a shago sai ranar da yake son canza kaya. Da abokin ya ci zaɓe, Yaya ya rufe shagon Unguwa Uku, ya bi shi Abuja da iyalinsa. Ba mu yi faɗa na a zo a gani ba, amma ni ba na iya haɗiye magana, na gaya masa abin da ke raina game da barin gadon uba a bi bayan mota mai jiniya. Tun daga nan gaisuwarmu ta koma ta ranar Sallah. Kwamfutar tasa kuwa, da bakinsa ya gaya mana ya sa an wanke ta tas ya bai wa ƙanin matarsa. Kowa ya sani. Amma sunansa yana nan a jerin, kullum muna ganinsa, ba wanda ya kawo komai a ransa.

Ana gab da azumi kwamfutata ta cika, ta fara tafiya kamar mai ciwon ƙafa. Na ce wa manhajar ta sauke mini tsofaffin zanuka. Ko musu ba ta yi ba. A cikinsu akwai zanukan Baba, waɗanda ya yi da hannunsa a takardar buhun siminti, ni kuma na ɗauki watanni ina mayar da su cikin kwamfuta bayan rasuwarsa. Takardun ma yanzu babu su, gara ta cinye su a shekarar da rufin shago ya yi yoyo. Abin da ban sani ba shi ne, Usaid ya riga ni sauke nasa tun tuni, shi ma manhajar ta yarda masa saboda akwai a wurina da wurin Yaya. Ni kuma ta yarda mini saboda wai akwai a wurin Yaya, a rumbun da babu shi a duniya.

Ban farga ba sai da Alhaji Abdullateef ya zo. Tsohon mai ciniki ne tun zamanin Baba, ɗansa zai yi aure, yana so a yi wa ango babbar riga da irin aska takwas ɗin da Baba yake yi, mai wani ɗan lanƙwasa a ƙarshe da ban taɓa ganin wani ya yi ba. Na ce masa ya zauna ya sha ruwa, yanzun nan zan buɗo masa. Na buɗe, ga sunan fayil, ciki wayam. A ƙasa an rubuta cewa kwafi ɗaya ne ya rage, yana rumbun Yaya Maje. Na shiga bayan labule na yi kuka mai isata. Na yi wa ango wani aikin, Alhaji ya karɓa da mutunci, har ya sa mini albarka, amma ya shafa wuyan rigar ya ce ya yi kyau, sai dai ba hannun Malam Musa ba ne. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

A ranar na shiga cikin manhajar na goge sunan Yaya daga jerin. Ba don ƙiyayya ba, Allah ya sani, ko da yake ba zan ce babu haushi a ciki ba. Na ga dai in aka bar shi zai ci gaba da cinye mana zane. Na goge, na ji sanyi a raina. Washegari na buɗe kwamfuta, ga Yaya Maje zaune daram a wurinsa. Na ce ko ban danna daidai ba ne, na sake gogewa. Ya dawo. Ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Maƙwabciyata Rabi mai sayar da yadi ta ce wannan ba banza ba, 'yan siyasa ba sa zama haka kawai, in nemi rubutu in sha in kuma yayyafa wa kwamfutar. Na ce mata ta rufa mini asiri, ruwa da kwamfuta ba sa shiri.

Sai na sa ido, na lura ba ya dawowa sai kwamfutar Usaid ta hau layi. Nan take zuciyata ta ba ni amsa. Usaid ɗan gaban goshin Yaya ne tun suna yara, har yanzu duk Juma'a sai sun yi waya. Na ce wato ina gogewa yana mayarwa, yana kuma gaishe ni da safe kamar bai san komai ba. Na hau adaidaita sahu sai Darmanawa. Na same shi da mutane cike da shago, ana ta karɓar ɗinkin Sallah, ban ko ja shi gefe ba na yi masa tatas. Ya ce wallahi tallahi bai taɓa jerin ba, bai ma san na goge wani abu ba. Na ce ya ji tsoron Allah, ya daina rantsuwar ƙarya da azumi a bakinsa. Ya kalle ni, ya kalli mutanen, ya sunkuyar da kai ya ci gaba da zura zare.

Magana ta kai kunnen Inna. Ta aika a kira ni, ta ce ta ji labarin ina goge sunan ɗanta alhali yana raye yana numfashi, ko na gaji da jira ne. Na yi ta ƙoƙarin nuna mata cewa na'ura ce ba mutum ba, ta tambaye ni na'urar sunan wa take amsawa. Ta ce ba ta yafe ba idan na sake taɓa sunan. Tun daga ranar ban taɓa shi ba, kuma ban sake sauke ko fayil ɗaya ba, kwamfutar tana nishi ina nishi.

Usaid kuwa ya cire kwamfutarsa daga haɗin gaba ɗaya. Mun koma aika filash kamar da. Idan mun haɗu a gidan Inna zai durƙusa ya gaishe ni, ina kwana Yaya, daga nan ya tashi ya fita. Makon jiya matarsa Safiyyah ta zo har shago, tana ta kame-kame, daga ƙarshe ta ce ya aiko ta ta gaya mini bayan babbar Sallah zai sauke allon da ke ɗauke da sunan Baba a Darmanawa ya kafa nasa, kowa ya ji da shagonsa. Ta kuma faɗi wata magana da ta tsaya mini a rai. Ta ce a ɗaya daga cikin ranakun da nake cewa ya mayar da sunan, tun safe yana asibiti da 'yarsu mai zazzaɓi, shagon a kulle, kwamfutar ce kawai ya manta a kunne. Safiyyah ba ta ƙarya. Shi ma, in zan faɗi gaskiya, ban taɓa kama shi da ita ba.

To wa yake mayar da sunan nan, Anti? Ta yaya zan raba mu da rumbun da babu shi ba tare da na taka maganar Inna ba? Abin da ya fi damuna dai shi ne Usaid. Yaron nan ni na goya shi, ni na koya masa riƙe almakashi. Yaya ya tafi na daure, amma idan Usaid ya sauke allon nan ban san yadda zan yi ba. Ina son ƙanena, kuma ina jin tsoron bakina ya riga ya yi ɓarnar da ba za ta gyaru ba.

Taki, Mai Zane, Gyaɗi-Gyaɗi.

AMSA

Wa alaikumus salam, Mai Zane. Na yi dariya a wurin Dakta da wurin Rabi, amma daga nan ban ƙara yi ba. Ki kwantar da hankalinki, abin da ya lalace a gidanku duk mai gyaruwa ne, in kin yarda ki fara ta inda ya fi miki wuya.

Ni ba gwanar kwamfuta ba ce, don haka na kai wasiƙarki wurin 'yar ƙanwata Hafsah, wadda irin wannan ne aikinta. Ba ta kai ƙarshe ba ta ɗago ta ce Usaid ba shi da laifi. Ga yadda ta bayyana mini. Jerin nan ba guda ɗaya ba ne, kowace kwamfuta tana riƙe da nata. Duk lokacin da suka haɗu sai su gwada, abin da ɗaya ta rasa ɗayar ta cike mata. Da kika goge sunan a wurinki, kwamfutar Usaid ba ta ga hukunci ba, giɓi ta gani, sai ta cike, kamar yadda uwa take ƙara wa yaro tuwo in ta ga kwanonsa ya yi ƙasa, ba tare da ta tambayi ko da gangan ya rage ba. Ba ta buƙatar hannun kowa, a kunne kawai take so a bar ta. Aikin da kike yabonta da shi idan ta kai zanenki Darmanawa, shi ne dai ta yi miki a nan. Babu asiri, babu munafunci, kuma rantsuwar ƙaninki gaskiya ce.

Ba zan ce haushinki ba shi da tushe ba. Kin rasa aikin hannun mahaifinki, a gaban mutumin da ya san darajarsa, kuma kin yi daidai da kika ce rumbun da ya mutu bai kamata a ci gaba da lissafa shi ba. Amma ɓatan zanen ba laifin mutum ɗaya ba ne. Ku duka da kuke falon nan kuka yi shi, da kyakkyawar niyya. Girmama na gaba tarbiyya ce mai kyau, kada ku bar ta, sai dai mutum ake yi wa ita. Kwamfutar babban wa tana faɗuwa, ana sace ta, ana wanke ta a bayar, daidai da ta auta. Daga yau kada rumbun kowa ya zama wanda ba a leƙawa, har da naki.

Inna ma ki fahimce ta. Ba ta san manhaja ba, amma ta san 'ya'yanta. Babba yana Abuja, ta tsakiya ba ta kiransa, ga shi yanzu auta ya daina ɗaga ido. Da aka ce mata ana goge suna, abin da take tsoro tun tuni ta ji an faɗa. Ki daina ƙoƙarin cin ta da hujja, ba za ki ci ba, kuma ko kin ci ba ki samu komai ba. Usaid kuma ban ce ya kyauta ba da ya aiko matarsa da maganar da ya kamata ya faɗa da bakinsa. Amma magidanci ne, an ƙaryata shi a shagonsa, a gaban masu cinikinsa, cikin azumi, kuma wadda ta yi ba wadda zai iya mayar wa magana ba ce.

Ta ɓangaren aiki, Hafsah ta ce kin yi kyau da kika daina sauke fayiloli, ki ci gaba da haƙuri da nishin kwamfutar. Ki nemi faifan ajiya na waje ki kwafe duk abin da kike da shi, Usaid ma ya yi haka, a ajiye ɗaya a gidan Inna. Sannan ki cire wa rumbun Yayanku matsayin amintacce. Wannan ba goge suna ba ne, sunan yana nan inda yake, manhajar ce kawai za ta daina yarda da shi ido rufe, don haka ba ki taka maganar Inna ba. Ki kuma sa ta fito miki da duk zanen da take cewa a wurinsa kaɗai yake, ki san iyakar abin da ya ɓata, domin wataƙila ba na Baba kaɗai ba ne.

Shi kuwa tsohon rumbun, ta ce irin waɗannan manhajoji ba a raba su da abu ta hanyar gogewa a ɓoye. Sanarwa ake rubutawa a ciki cewa rumbu kaza ya tafi, a daina lissafa shi. Da yake sanarwar ƙari ce ba ragi ba, sai ta bi hanyar da zane yake bi ta isa kowace kwamfuta, ta zauna. Akwai kuma mataki na ƙarshe da ake share tarihin rumbun gaba ɗaya, wanda ba a dawo da shi, wannan kada ku yi masa gaggawa. Manhajoji sun bambanta, ku duba bayanin taku ko ku nemi wanda ya san ta ya zauna da ku. Abin da ba ya canzawa shi ne, ba aikin mutum ɗaya ba ne a bayan idon sauran.

A nan ne nake so ki ɗauki waya ki kira Yaya Maje, ba ranar Sallah ba. Ki gaya masa abin da ya faru da zanukan Baba, ki tambaye shi ko ya kwafi wani abu kafin a wanke kwamfutar. Ban yi miki alkawari ba, amma mutumin da ya iya haɗa muku wannan tsari ba kasafai yake wanke na'ura bai ajiye komai ba. Ko ya ajiye ko bai ajiye ba, ki roƙe shi ya buɗe sabon rumbu a kwamfutar da yake amfani da ita yanzu, da sunansa. Kuna buƙatar haka da gaske, domin ajiya a wani gari ta fi ajiya biyu a gari ɗaya idan aka yi gobara ko ambaliya. Idan ya zo hutun Sallah, ku zauna a gaban Inna, ta ga sabon sunan ɗanta ya shiga, sannan shi da hannunsa ya sallami tsohon. Ba na jin za ta hana. Kuma kujerar siyasa tana da wa'adi, yana da kyau mutum ya san har yanzu ana ajiye masa wuri a gida.

Zanen Baba ma ban cire rai ba. Ku duba cikin injinan kansu da tsofaffin filash ɗin da kuke aikawa. In ba a samu ba, rigunan da ya yi suna nan a akwatunan mutane. Alhaji Abdullateef da ya gane lanƙwasar nan da ido, ai a jikin rigarsa ya san ta. Ki are ta, ki shimfiɗa, ki ɗauki hoto, ki sake zanawa. Kin taɓa yi daga takarda, za ki iya daga shadda.

Amma duk wannan ya biyo baya. Kafin ki taɓa kwamfuta, kafin ki kira Abuja, ki hau adaidaita sahu ki koma Darmanawa. Kada ki yi ta waya, kada ki aika Safiyyah, kada kuma ki jira ya zo gidan Inna inda ba kowa. Ki je lokacin da shagon yake da mutane. Kada ki fara da bayanin manhaja, kada ki ce ai shi ma ya yi kaza. Ki ce kin bincika kin gano gaskiya ya faɗa, ke ce kika yi kuskure, ya yafe miki. Na san yaya ba ta saba durƙusa wa ƙane ba, kuma na ji daga rubutunki cewa ke ba mai sauƙin lanƙwasuwa ba ce. Za ki ji nauyi, wataƙila muryarki ta yi rawa. Ki bar ta ta yi rawa.

Mai yiwuwa ba zai amsa miki nan take ba, ki ba shi lokaci, kada ki tambaye shi maganar allo a ranar. Amma ki tuna, ranar da kika yi masa tatas yana da gaskiya a hannunsa, yana da shaidu, yana da baki, ya zaɓi ya sunkuyar da kai don kada ya kunyata ki. Har yanzu kuma yana durƙusawa ya gaishe ki. Mai shirin rabuwa da gaske ba ya aiko da sanarwa tun da sauran lokaci haka. Ni a ganina jira yake ki zo.

Allah ya jiƙan Malam Musa, ya ƙara wa Inna lafiya da nisan kwana, ya bai wa 'yar Usaid sauƙi mai ɗorewa, ya sanyaya zukatanku ku uku. Gobe da hantsi, Mai Zane, ki rufe shago ki tafi wurin ƙaninki.

Taku, Anti Delu.